Nonon da Ya Kashe Tururuwa

A Karakkai, in ka tambayi gidan Labbo manomin auduga, za a nuna maka hanya. In ka ce gidan Suwaiba mai ƙuli, hanyar ɗaya ce, amma sai an ɗan yi murmushi kafin a nuna. Matan garin sun rabu biyu a kanta. Wasu na cewa ba ta da kunya. Wasu na cewa tana da ita, ajiyewa ta yi da gangan.

Na same ta da hantsi a tsakar gida tana matse tunkuza, man gyaɗa na taruwa a gefen kwano. Siririya ce, ba ta kai shekara talatin ba, kuma ba ta da yawan magana sai an taɓo inda ya dame ta. Wani yaro mai kumatu, da laya a wuya, yana jan wata jar akuya da igiya, akuyar ta ƙi motsi. A ɗaya gefen gidan surukarta, Inna Saude, na zaune a ƙofar ɗaki tana kaɗi da mazari. Ta amsa sallama, ba ta taso ba.

A Furfuri aka haifi Suwaiba. Mahaifiyarta ta rasu tun tana budurwa, don haka da aka kawo ta Karakkai, duk abin da ya shafi ciki da haihuwa da jego a hannun uwar mijinta ya faɗa. Shekarun farko babu wanda ya ji kansu. Inna Saude da bakinta ta ce ba ta taɓa ganin yarinya mai ladabi irinta ba, wadda in za ta miƙa ruwa sai ta durƙusa.

Haihuwarta ta fari mace ce. Suwaiba ba ta faɗin sunanta, mijinta Labbo ne ya ce mini Murja. Ta sha nonon uwarta, ta yi ƙiba, har ta fara rarrafe. Da haƙori ya taso sai zawo ya kama ta. Kowa ya ce zawon haƙori ne, in haƙorin ya huda zai tsaya, a bar ta. Aka bar ta. Haƙorin bai huda ba ta rasu.

Bayan zaman makoki magana ta fara yawo a bakin rijiya, cewa a duba nonon uwar. Don haka da ta sake haihuwa, wannan karon namiji, washegari Adama ungozoma ta zo da ɗan ƙoƙo. Yadda suke yi shi ne a tatsi nonon mai jego a cikin ƙoƙon, a kamo tururuwa a jefa. In ta fito da ƙafarta, nono lafiyayye ne. In ta mutu a ciki, mugun nono ne, ba a ba yaro. Tururuwar Suwaiba ta yi juyi a ciki, ta daina motsi. Aka ɗauke jaririn aka kai ɗakin Inna Saude, ana ɗura masa nonon akuya da ludayi. Suwaiba kuma aka jiƙa mata saiwoyi tana sha, wai su wanke nonon.

"Na bi," in ji ta, ba tare da ta ɗago daga kwanon ba. "Duk abin da anka ce na yi. Nono na zuba yana jiƙa mini zane, ina jin kukanshi ta bayan danga, ina cije baki don kar a ce ban da kunya."

Yaron bai kai arba'in ba. Aka ce ai ya riga ya tsotsa a ranar farko, kafin a gwada, shi ne ya zauna masa a ciki.

Nan lissafin matan biyu ya rabu, kuma har yau bai haɗu ba. Inna Saude na cewa yara biyu sun ɗanɗani nonon nan, biyun sun tafi. Suwaiba na cewa wadda ta sha ta ƙoshi ta yi rarrafe, wanda aka hana bai ko iya riƙe wuya ba.

Da daminar 1997, shekara guda bayan an ba Zamfara jiha, ta haifi na uku, wannan mai jan akuyar, Mahadi. Washegari da safe Adama ta shigo ɗakin jego da ƙoƙonta, Inna Saude na biye. Suwaiba ba ta yi musu ba, ta tatsa ta miƙa, don kar a ce ta ɓoye wani abu. Aka jefa tururuwa. Su uku suna kallo ta mutu.

Inna Saude ta miƙa hannu biyu za ta karɓi jaririn. Suwaiba ta gyara zama, ta sa masa nono a baki a gabansu.

"Suwaiba," in ji Inna Saude, "ba ki ga abin da munka gani ba?"

"Na gani, Inna. Tururuwa ta mutu. Allah shi ba danginta haƙuri."

Adama ta ajiye ƙoƙon. "Ke ɗiyar nan, wasa kike da mu? Kashe shi za ki yi?"

"Gwaggo, ni ba tururuwa na haifa ba."

"Kawo shi nan," in ji Inna Saude.

"Wancan da na ba ku, yana ina?"

Wannan tambayar ce garin bai manta ba. Matar ɗa ba ta mayar wa uwar miji magana, balle irin wannan. Inna Saude ta fita, Adama ta bi ta, ta bar ƙoƙonta a nan. Na tambayi Suwaiba ko ta yi nadamar faɗa. Ta ce da ta san da ƙarfi zai fito, da ta sassauta murya, amma kalmomin ba za ta rage ko ɗaya ba.

Ya kamata a faɗi na Inna Saude ma. Tsohuwa ce mai tsabta da kamun kai, ta haifi tara, biyar suka rayu. Da na tsuguna kusa da ita ta ci gaba da kaɗinta, ta ce: "Ni ma uwa ce. Hannuna ya wanke jikoki biyu an kai su. Mi kike so in yi, in zauna ina kallo a ba na uku abin da ya kashe tururuwa a gaban idona? Abin da munka iske iyayenmu na yi ke nan, kuma da shi anka raya mu."

Ranar nan ta kira Labbo zaure, ta ce ya shiga ya ɗauko mata jikanta. Labbo mutum ne mai sanyi, dogo, wanda in yana magana ƙasa yake kallo. Ya shiga ɗakin, ya ga yaron na tsotso, uwar ta zuba masa ido. Ya fito hannu wofi.

"Uwa ta ce in ɗauko, mata ta ce in gwada in gani," ya ce mini. "Sai na ɗauki gatari na tahi neman itace."

Itacen kuwa ya yi amfani, don Inna Saude ta janye hannunta daga jegon. Ta ce wadda ta fi kowa sani ta yi wa kanta. Adama ma bayan suna ba ta sake leƙowa ba. Labbo ke jawo ruwa ya cika tukunya, ya hura wuta, ya tafi gona. Suwaiba ke jan tafasasshen ruwan zuwa bayan ɗaki, ta yi wanka da ganye ita kaɗai, ta dama kunun kanwarta da kanta. Ko wurin wankan ba ta barin yaron a ɗaki. Ta samo babbar ƙwarya ta shimfiɗa tsumma, a ciki take kwantar da shi inda idonta zai kai, don ta san ɗagowar ludayi ɗaya ta isa. Masu zuwa barka suna shigowa kamar masu dubiya. Su karɓi yaron, su juya shi, su taɓa cinya, su duba ido, su ce Allah Ya raya, su fita suna magana ƙasa-ƙasa.

Jar akuyar nan da na tarar Mahadi na ja, ita ce amsar Inna Saude. Ta sa aka kawo ta daga kasuwar Bungudu da ɗanta, aka kafa turke dab da ƙofar Suwaiba. Kullum da safe tsohuwar ta zo ta tatsa, ta rufe ƙoƙon da faifai, ta ajiye a bakin ƙofa, ta koma. Kullum nonon ya kwana a nan ya lalace.

Suwaiba ta ba ni wani labari tana dariya. Wata rana da gidan ya yi shiru, ta kamo tururuwa ta jefa a nonon akuyar, tana fatan ta mutu, ta samu abin nuna wa Inna.

"Sai ga ta ta fito tana share ƙafafu, ta yi tafiyarta. Na ce to, ke ma kin bi bayansu. Daga ran nan ban sake neman shaida ba."

Abin da ta yi maimakon haka, ta fara juye nonon akuyar a kununta tana sha. Inna Saude ta ga ƙoƙo na dawowa wanke, ta yi murna, har ta gaya wa maƙwabta cewa yarinyar ta dawo hayyacinta. Suwaiba ta ce ita ba ta ɓoye ba, ba a tambaye ta ba ne. Sai ran da tsohuwar ta fito ta same ta zaune a bakin ƙofa tana juyewa.

"Na yaro na kawo," in ji Inna Saude.

"Shi za shi sha, Inna." Ta dafa ƙirjinta. "Ta nan za shi bi."

Wani abin lura shi ne tsohuwar ba ta daina tatsowa ba. Ta ce ita ta yi niyya, ba za ta fasa don rashin kunyar wata ba.

Arba'in ta wuce. Kaka ta yi, aka kai auduga, Suwaiba ta koma tuyar ƙuli da yaron a baya. Ya riƙe wuya, ya fara zama. Masu taɓa cinya suka rage zuwa. Amma Inna Saude ta ce a jira haƙori, don ta fari ma ai ta yi ƙiba. Suwaiba ta san da haka. Ta ce tun yana wata huɗu, kullum in ta gama ba shi nono sai ta sa yatsa ta shafa dasashinsa.

Da bazarar 1998 ya zo. Zafi ya yi tsanani a shekarar, rijiyar unguwar ta ja baya, ruwan da ake samu ja ne. Kamar kowace uwa a garin, Suwaiba na ɗiban ruwan randa ta ba yaron in ya yi kuka da rana. Ya fara dalalar da miyau, yana cizon duk abin da ya kama, ludayi, bakin zane, yatsan uban. Dasashin ƙasa ya kumbura. Sai zazzaɓi, sai zawo. Kafin a ankara idonsa ya zurma, maɗigarsa ta faɗa, in ya yi kuka babu hawaye.

Inna Saude ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, karo na farko da ta yi magana da Suwaiba kai tsaye tun ranar kunu. Ba ta ɗaga murya ba.

"Daidai nan waccan ta kai. Ki ba ni shi, ki huta da nonon nan ko na 'yan kwanaki ne. Ba faɗa nike yi ba, roƙo nike."

Labbo na tsaye a bayanta. Wannan karon bai tafi neman itace ba. Ya ce: "Suwaiba, ki bi maganar Inna. Mun gwada naki."

Suwaiba ta ce wannan ne lokacin da ya fi mata wuya, don da a ce da ihu suka zo, da ta san abin yi. Ta dubi yaron, ba ya ko iya riƙe nonon da kyau. Ta ce a ranta, in ya tafi, har ta mutu za a ce ita ce. Sannan ta tuna ta fari, yadda aka zauna ana jiran haƙori ya huda.

"Waccan zama munka yi," ta ce musu. "Wancan ba ku shi na yi. Wanga ba ni zama, ba ni kuma ba da shi."

Ta goya shi, ta yafa mayafi, ta raɓa ta gefen surukarta ta fita. Lokacin wahalar man fetur ce, mota sai a wuni ba a ga ko ɗaya ba, kabu-kabu ma sun ajiye babura. Ta kama hanyar Bungudu da ƙafa, rana na tsaka. Ba ta yi nisa ba ta ji ƙarar keke a bayanta. Labbo ne. Bai ce ta koma ba, bai ce ta yi daidai ba. Ya tsaya ya ce, "Hau."

A ɗakin shan magani layi ya kai waje, yawanci mata ne da yara masu irin ciwon. Malamar asibitin da ta duba su ta gaji, kuma ba ta ɓoye ba. Ta matsa fatar cikin yaron, ta yi wa Suwaiba faɗan rashin zuwa da wuri, ta ce ba haƙori ke sa zawo ba, abin da ke shiga baki ne. Ta haɗa ruwan gishiri da sukari, ta zaunar da ita a benci ta ce ta yi ta ba shi da cokali kaɗan-kaɗan, ko ya amayar ta jira ta ci gaba. Ta ce ruwan da za ta ba shi a gida ta tafasa tukuna, nono kuma kar ta daina.

Suwaiba ta ga dama ta samu, ta ce, "Malama, to nonon da ya kashe tururuwa fa?"

"Tururuwa kuma? Baiwar Allah, matsa, akwai na bayanki."

Iyakar abin da ta samu daga asibiti a kan maganar ke nan. Ta ce ta so a ce malamar ta faɗi wani abu da za ta kai gida, ko a gaban Labbo ne. Ba ta samu ba.

Suka dawo da yamma. Ta zauna da cokali da ƙaramar tukunya, ta bar tuya, ta bar komai. In ya karɓi cokali ta ba shi, in ya juya kai ta sa masa nono. A cikin kwanakin nan Inna Saude ta shigo da laya da ta karɓo wajen malam, wai ta sauƙin haƙori, ta tsaya tana jiran a kore ta. Suwaiba ta ɗaga mata wuyan yaron da kanta.

"Rataya mai, Inna. Wuya naki ne, hannu naki ne, ƙugu ma in akwai guru ki ɗaura. Baki ne nawa."

Haka suka raba shi, kuma rabon ya zauna. Tsohuwar ta rataya laya, ta koma tana yi masa fifita da faifai yayin da uwar ke ba shi cokali. Ba su yi hira ba. Zawon ya ragu, ya tsaya. Idon ya ciko. Wata safiya yana tsotso ya danna mata cizo har ta zabura. Ta buɗe bakinsa ta ga fararen haƙora biyu sun leƙo a ƙasa. Ta ce ba ta taɓa jin zafin da ya yi mata daɗi kamar wannan ba. Ta kai shi ɗakin Inna, ta sa yatsan tsohuwar a bakinsa. Ya cije ta ita ma.

"Layar ta yi aiki," in ji Inna Saude.

Har yau a nan take. Adama ungozoma ma na nan da sabon ƙoƙo, ana kiranta gidajen haihuwa, tana gwada abin da ta saba gwadawa. Suwaiba ba ta bi gida-gida tana wa'azi. Ta ce ita nata ɗan ta sani. In wata mai jego ta aiko a ɓoye tana tambaya, amsarta ɗaya ce: ga Mahadi nan, a zo a gani.

Zuwana na farko ana maganar yaye. Bisa al'ada kaka ke karɓar yaro, kuma Inna Saude ta shirya tafiya da shi wajen ƙanwarta a Bungudu har ya manta nono. Tun yana shekara ɗaya da rabi take cewa lokaci ya yi. Suwaiba na cewa ita za ta faɗi ranar. Aka tsayar da wata Juma'a, ta ɗaga. Aka sake tsayarwa, ta sake ɗagawa, ba ta ba da dalili ba.

Na koma Karakkai farkon daminar 1999, na tarar ranar ce. Suwaiba ce ta zaɓe ta. An karɓo rubutu, an dama kunu. Suwaiba ta yi wa yaron wanka, ta sa masa riga, ta ba shi nono na ƙarshe a bakin ƙofarta ba tare da gaggawa ba, tsohuwar na jira da mayafi a kafaɗa. Sannan ta ɗauke shi ta ƙetare tsakar gida, ta durƙusa yadda take yi da, ta miƙa shi.

Inna Saude ta karɓa, hannunta ya ɗan yi ƙasa.

"Wanga yaro ya cika nauyi. Wa za shi goya shi har Bungudu?"

"Mugun nono ne, Inna. Haka yake yi."

Tsohuwar ta zaunar da shi a cinya, ta jawo ƙoƙon da ta rufe da faifai tun safe. Nonon jar akuyar ne, dafaffe, an zuba a kunu. Kusan shekara biyu tana jiran ta ba shi. Ta ɗago ludayi, sai ta tsaya, ta dubi Suwaiba.

"Ba shi," in ji Suwaiba. "Yanzu yana da haƙoran da zai ciji akuyar ma."

Ya sha, ya miƙa hannu yana neman ƙari. Suwaiba ta tashi ta koma wajen kwanon tunkuzarta. Da suka fita ba ta raka su zaure ba, amma hannunta ya tsaya cikin kwanon har muryar yaron ta daina jiyuwa. Na tambaye ta, in Allah Ya kawo wani, Adama ta zo da ƙoƙo fa?

"Ta zo," ta ce, ta ci gaba da matsa. "In tatsa mata. Tururuwa ba ta ƙare a Karakkai ba. Amma yaro, ba mai ɗaga shi daga nan."